Inda Makaɗi Ke Samun Tuwo: Kwana Goma a Libreville

Da kunne na fara zuwa Libreville, tun ban san inda take a taswira ba. A zauren gidanmu na Maraɗi mahaifina yana da rediyo mai gajeren zango, kuma da zarar ya gama sauraron labarai ya fita masallaci, yayyena sukan murɗa ta zuwa Africa N°1, tashar da aka buɗe a Gabon a 1981, wadda a lokacin manyan na'urorinta na Moyabi ke kai muryarta har cikin Sahel. A nan na fara jin "Bane" ta Oliver N'Goma, a farkon shekarun 1990, lokacin da ba a tashi daga bikin 'yan boko a Yamai ko Maraɗi ba a saka ta ba. Ko kalma ɗaya ba ma ji a cikinta, amma kowa ya iya bin amshin. Sai da na girma na san mai waƙar ɗan Mayumba ne, can kudu a bakin teku, kuma sa'ad da ya yi ta, abin da ke ba shi albashi shi ne ɗaukar hoto a gidan talabijin. Ya rasu a 2010. Wannan abu ya daɗe yana yi mini yawo a rai: mutumin da muryarsa ta ratsa nahiya, da kamara a kafaɗa yake neman na cefane.

Na sauka filin jirgin Léon-Mba a watan Yuli, tsakiyar abin da suke kira babban rani. Rani ne marar rana. Sama a lulluɓe kamar yanzu za a kece da ruwa, ruwan kuwa ba ya zuwa, sai iska mai sanyi daga teku. Taubashina ne ya zo tarbata, ɗan kawuna, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu wanda a nan aka haife shi. Hausarsa ta cikin gida ce, ta gaisuwa da aike; Faransancinsa kuwa kamar ruwa. Shi ya koya mini hawan tasi: ka tsaya bakin titi, mota ta rage gudu, ka faɗi unguwar da za ka da abin da za ka biya a numfashi ɗaya. In direba ya yarda ya danna hon, in bai yarda ba ya wuce abinsa. Kuɗinsu sefa ce, darajarta ɗaya da tamu, sai dai takardun na Afirka ta Tsakiya ne, tilas na canja.

Kawu ya shekara talatin a garin yana gasa nama a gefen Akébé. Coupé-coupé suke ce masa, ɗan'uwan balangu ne, a yayyanka ƙanana a zuba yaji da albasa, a ci da burodi ko da curin rogo da aka dafa cikin ganye. Shi baƙo ne na baya-bayan nan. Akwai Hausawan da suka riga shi da zamani mai tsawo, fatake da suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul a arewacin ƙasar, waɗanda jikokinsu 'yan Gabon ne haihuwa da takarda. Ranar Juma'a a masallacin Hassan II na ji Hausa iri uku a sahu ɗaya, ta Tawa, ta Kano, da wata mai gardin Kamaru. A kasuwar Mont-Bouët kuwa kana iya yini ba ka buƙaci Faransanci ba.

Garin ƙarami ne, kuma daga nan maganar take farawa. An kafa shi a 1849 domin bayin da sojan ruwan Faransa suka ƙwato daga wani jirgi mai suna Elizia, shi ya sa sunansa ke nufin garin 'yanci. A ƙidayar 2013 mutanensa sun ɗan haura 700,000, ƙasar kuma baki ɗaya wajen miliyan 1.8. Jihar Maraɗi kaɗai ta haura miliyan 3 a ƙidayar 2012. Mawaƙin Hausa in ya yi waƙa a Kano, za a ji ta a Damagaram da Kumasi da Garwa da Sudan. Na Gabon jama'arsa ba ta kai ta jiha ɗaya ba, kuma ta rabu cikin harsuna wajen arba'in, Fang da Punu da Nzebi da Myene da sauransu. Ko kowa ya sayi waƙarka, nawa ka tara?

Daren farko da muka fita, Louis muka nufa, unguwar da ta ci sunan wani sarkin Mpongwe na ƙarni na 19, wadda a yau ita ce matattarar gidajen rawa. Ba wurin zuwana ba ne a gida, ban kuma ɓoye wa kaina haka ba. Na karɓi kwalbar lemon D'jino na nemi kujera kusa da makaɗa, domin hannuwansu na zo kallo. Su bakwai ne: masu jita biyu, mai bas, mai ganguna, mai fiyano, da mata biyu masu waƙa. Sun iya. Mai jita na farko, dattijo mai furfura a gemu, yana sakin zaren rumbar Kwango tamkar mai kaɗa auduga da mazari, ba gaggawa, ba tsinkewa. Suka yi Franco, suka yi Kassav', suka yi "Bane", wuri ya ɗauka. Wani mai kwat ya miƙe ya fara manna wa mai waƙa takardun jaka goma a goshi, ita kuma ta shiga jero sunansa da na garinsu. Liƙi dai, irin wanda na sani tun ina yaro. Ko a Kwango ma suna da sunan da suke kiran wannan jefa sunaye cikin waƙa, mabanga.

Bayan sha biyun dare suka yi waƙa ɗaya tasu ta kansu, da harshen Punu. Ita ce mafi kyau a duk daren. Masu rawa suka koma kujeru suka ci gaba da hira.

Da aka tsaya hutu na gaishe da dattijon, na tambaye shi me ya sa guda ɗaya tak. Ya ce mai gidan ba don waƙarsu yake biyansu ba, don mutane su zauna su ƙara sayen abin sha ne, kuma mutum da abin da ya sani yake rawa. Ya lissafa mini makonsa: Juma'a da Asabar a nan, Lahadi da safe a coci, tsakiyar mako duk inda aka yi zaman makoki na dare, ga yara uku da yake koya wa jita a gida. Lokacin rani ya fi samu, domin a lokacin ne dangi ke taruwa bikin fita daga makoki, ana kwana ana kiɗa. Shekarun baya kuwa, in ji shi, sun sha wuya. Dokar hana fita ta annobar korona ta rufe dare daga 2020 zuwa 2022, ba su gama miƙewa ba aka sake saka wata a Agustan 2023, lokacin zaɓe da juyin mulkin da ya biyo baya, ta fi shekara tana aiki. Makaɗin dare in aka ɗauke masa dare, me ya rage? Abokansa biyu sun sayar da kayan kiɗansu. Coci ce ta riƙe sauran, kuma ya ce mafi yawan matasan da suka iya riƙe jita ko sandar ganga a garin, a coci suka koya.

Na kwana ina tunanin Narambaɗa. Mawaƙin fada a ƙasar Hausa ya san inda tuwonsa yake: Sarkin Gobir na Isa ya ba shi doki da riga da hatsi, shi kuma ya ba sarki suna da ba ya mutuwa. Libreville ta yi nata zamanin fada, da kuɗin man fetur, kuma fadar ta fi kowace son kiɗa. Omar Bongo ya mulki ƙasar daga 1967 zuwa 2009. Matarsa ta lokacin, bayan rabuwarsu a shekarun 1980, ta zama Patience Dabany, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan ƙasar. Ɗansu Ali, tun yana amsa sunan Alain, ya fitar da faifai a ƙarshen shekarun 1970 tare da mutanen James Brown. A Janairun 1980 Bob Marley ya yi wasa a Libreville bisa gayyatar gidan shugaban ƙasa, watanni kaɗan kafin wasansa na bikin 'yancin Zimbabuwe. Michael Jackson ya zo a 1992. Ƙaramin gari ya ga manyan duniya da idonsa, amma duk ta ƙofa ɗaya suka shigo, kuma makaɗin gida ya koyi cewa ta wannan ƙofar ake samun sitidiyo da kayan kiɗa da tikitin Paris.

Ko Pierre Akendengué, wanda kowa a nan ke ambata da girmamawa, bai tsira daga wannan lissafi ba. An haife shi a 1943 a wani tsibiri na yankin Fernan-Vaz, ya tafi Faransa karatu, idanunsa suka raunana, a can ya fitar da faifansa na farko, "Nandipo", a 1974, yana waƙar 'yancin Afirka da Myene da Faransanci. Shi da Hughes de Courson ne suka haɗa kiɗan Bach da na dazuzzukan Gabon a "Lambarena" a 1993. Daga baya ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan al'adu, bai kuma daina faɗar abin da ke ransa a waƙa ba. Ban ɗauki wannan abin zargi ba. Shata ma ya yi wa masu mulki da masu kuɗi waƙa, bai hana shi zama na direbobi da 'yan kasuwa ba. Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya: a yaƙin zaɓen 2009 wasu fitattun 'yan rap suka hau dandamali tare da Ali Bongo, bayan rikicin zaɓen 2016 kuma wasu daga masu sukar gwamnati suka koma zaman Faransa. Unguwa ta rasa masu yi mata magana ta fuska biyu. Wanda ya ga yadda waƙar siyasa ta haɗiye mawaƙanmu a Najeriya da Nijar ba ya buƙatar a yi masa bayani.

A wannan giɓi yaran su taubashina suka tsiro.

Rana ta huɗu ya ce, "Yaya, yau za ka ga inda nake aiki." Muka bar kwalta muka gangara. Libreville gari ne na tudu da kwari: manyan gidaje a bisa, talakawa a ƙasa inda ruwa ke taruwa, cikin unguwannin da suke kira mapane. Hanyar ƙafa ce, wani wuri matakala da aka sassaƙa a jar ƙasa, wani wuri katako ɗaya a kan kwata. Sitidiyon ɗaki ne na katako da kwano, bai fi shagon mai shayi ba. An manne bango da kwalin ƙwai, an jingina tsohuwar katifa a ƙofa, ga kwamfuta mai tsagaggen gilashi da manhajar FL Studio a ciki, ga makirfo ɗaya da aka ɗaura wa safa. Samari shida na zaune a kan benci suna jiran layi, kowa da waƙarsa a rubuce cikin waya. Wanda ya gama sai ya tura kuɗin ta Airtel Money, wanda ba shi da shi ya bar alkawari.

Abin da suke yi sunansa ntcham. A yaren titinsu, toli bangando, kalmar tana nufin faɗa, irin na dambacewa. Kiɗa ne mai sauri, ganga na bugu kamar ana sakwata, ga ƙarar ƙaho da ta balafon da aka ciro daga kwamfuta, murya kuma a shaƙe, rabi waƙa rabi kirari. Rawar ta riga kiɗan, kuma kowa a nan zai gaya maka tushenta na da alaƙa da 'yan ta'addar unguwa da babban gidan yarin garin, wanda suke wa laƙabi da Sans-Famille, wato marar dangi. Motsin rawar ma kwaikwayon faɗa ne da fizge. Sunayen da ke bakin yara su ne L'Oiseau Rare da Eboloko da Dementos. Ba gidan rediyo ne ya yi su ba, ba kuma wani ubangida ba. Waƙa takan fita daga ɗaki irin wannan da la'asar, ta shiga WhatsApp, 'yan makaranta su yi mata rawa a TikTok, direbobin bas su ɗauka, kafin mako ya zagayo tana tashi daga kowane lungu tun daga Nzeng-Ayong har Owendo. Saurin ya kai ga cewa da aka tsare Ali Bongo a gidansa ranar 30 ga Agustan 2023 ya aiko da saƙon bidiyo yana neman agaji, cikin kwanaki kaɗan muryarsa na kan kiɗa ana rawa da ita a ƙasashe da dama.

Kawu ba ya son abin ko kaɗan. Ya ce mini, "Ɗana, waƙar ɓarayi ce. Na kawo yaro duniya, na sa shi allo, ya tashi yana yi wa 'yan sara kiɗa." Na sa taubashina ya fassara mini waƙoƙi uku, kuma gaskiyar kawu na nan a ciki: akwai yabon ƙwaya, akwai alfahari da wuƙa, akwai maganar mata da ba zan maimaita ba. Wanda ya san 'yan daba a Kano ko 'yan fale a Damagaram ya san cewa irin wannan ba wasa ba ne, akwai uwayen da suka binne 'ya'ya. Amma a waƙa ta uku yaron yana ba da labarin ranar da mahaifiyarsa ta kai masa abinci gidan yari a ƙafa, saboda ba ta da kuɗin tasi. Wannan ba a taɓa rera shi a dandamalin yaƙin zaɓe ba. Ƙasa ce mai arzikin fetur da manganis da katako, kuma waɗannan yara a ƙarƙashin tudun suka tashi suna hangen fitilun bisa. Ni ina ganin gara su faɗa da makirfo, a ji, a yi musu gardama, kamar yadda Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney suka buɗe baki a Yamai shekarun baya manya suka yi ta faɗa, daga baya aka gane akwai abin ji.

Damuwata daban ce da ta kawu. A cikin samarin nan shida babu wanda ya taɓa waƙa tare da makaɗi mai rai. Intanet suna take kawowa. Kuɗi sai an gayyace ka gidan rawa, a saka waƙarka a na'ura, ka yi mamin na minti ashirin, a sallame ka. Zauren da aka gina domin kiɗa na sosai kaɗan ne. Wanda kowa ke ambata shi ne na Institut français a kan Boulevard Triomphal, mai ɗaukar 'yan ɗaruruwa, daga shi kuma sai ka tsallaka zuwa filin wasanni, wanda sai tauraro ko ɗan siyasa ke iya cikawa. Tsakanin ɗakin kwalin ƙwai da filin ƙwallo babu matakala. Ga dattijon Louis da hannu amma ba a son waƙarsa, ga yaran mapane da waƙa da jama'a amma ba su da hannu, kuma tsakaninsu tafiyar tasi ɗaya ce. Haka muka yi a gida: fiyano ya shigo sitidiyon Kano, aka sallami mai kalangu da mai goge, har yaro ya tashi bai san cewa Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake cika fili ba.

Abu ɗaya ya hana Gabon kaiwa inda muka kai, kuma na gan shi a wani tsakar gida a unguwar PK8. Mai gidan ya kai shekara hamsin, ɗan ƙabilar Tsogo, kafinta ne da rana. Ya fito da ngombi, wata irin garaya mai tsirkiya takwas, an rufe cikinta da fata, an sassaƙa kan mutum a samanta. Ya rungume ta a ƙirji ya fara taɓawa da yatsun hannu biyu. Sautin siriri ne, yana zagayawa yana komowa kamar ruwa a kan duwatsu, kana jin kamar abu ɗaya ake maimaitawa, sai ka lura ya sauya tun ɗazu. Bayan ita ya ɗauko mongongo, baka ne kamar na maharbi, ya kafa tsirkiyar tsakanin leɓɓansa yana bugunta da tsinke, bakinsa na buɗewa yana rufewa, sai ga muryoyi biyu daga tsirkiya ɗaya. Waɗannan kayan kiɗan Bwiti ne, addinin gargajiyar da ake kwana ana yi, kamar yadda garaya take ga 'yan bori. Ban je wurin bautarsu ba, shi ma bai gayyace ni ba. Ya ce akwai kiɗan da ba a yi da rana, ya yi mini wanda ake yi. Amma na fahimci dalilin da ya sa ngombi ba ta mutu ba: tana da aikin yi wanda bai dogara da kasuwa ko fada ba, kuma duk wanda zai riƙe ta sai ya zauna gaban wani ya koya shekara da shekaru.

Ta taɓa fitowa fili. Papé Nziengui ya haɗa ta da jita da fiyano a faifansa "Kadi Yombo" na 1989, wanda kamfanin Awesome Tapes From Africa ya sake fitarwa a 2022 duniya ta ji. 'Yan rap na Movaizhaleine, Lord Ekomy Ndong da Maât Seigneur Lion, sun gina sunansu tun shekarun 1990 a kan ɗora baitoci bisa ngombi da mongongo. Taubashina ya san wannan tarihi sarai. Shi ya kai ni gidan kafintan, kuma ba don ni kaɗai ba: wata uku yana lallashinsa.

Daren Asabar, kwana ɗaya kafin in taso, suka yi wasansu. Farfajiyar wata mashaya ce a Akébé, ba nisa da teburin kawu. Sun yi hayar lasifika biyu da kujerun roba da janareto, domin ba a amince wa wuta. Shiga jaka ɗaya. Dattijon Louis bai samu zuwa ba, Asabar ranar aikinsa ce, amma ya turo ɗaya daga cikin ɗalibansa da jita. An fara a makare. Yara huɗu suka yi nasu a kan na'ura, ƙura ta tashi, 'yan mata na ɗauka da waya. Sannan taubashina ya rage kiɗan kwamfuta ya bar ganga kaɗai, kafinta ya zauna a kan kujera da ngombi, aka kara masa makirfo. Karon farko bai yi ba. Gangar ta yi masa sauri, ya ɗaga hannu aka tsaya. Wasu suka yi ihu. Aka rage gudu aka sake. Yaron nan mai waƙar mahaifiyarsa ya shigo, kuma da yake babu muryarsa a na'ura da zai bi, dole ya rera da tasa, tana rawa, numfashi na yanke masa a ƙarshen baiti. Wata mata mai sayar da soyayyen fanke a bakin ƙofa ta bar kaskonta ta matso. Waƙoƙi biyu suka yi a haka, ba su fi ba, domin iyakar abin da suka yi atisaye ke nan.

Ƙarfe biyu na dare suka zo teburin kawu suka zazzage kuɗin a kan benci. Aka ware na lasifika, na kujeru, na mai, na mai farfajiya. Aka ba kafinta nasa da kuɗin tasi har PK8, aka ba mai jita. Abin da ya rage suka raba shida, kowa ya tashi da abin da bai fi kuɗin cin kwana biyu ba. Kawu na juya nama bai ce uffan ba, amma na lura tun ɗazu rediyonsa a kashe take, kuma daga inda yake tsaye ana jin komai.

Taubashina ya ninke rabonsa, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. "Baba, ga shi. Na farko ne."

Kawu ya dubi kuɗin ya daɗe. Ya karɓa ya ɗaga gefen ledar teburi ya tura ƙarƙashi, inda yake ajiye cinikin rana. Sannan ya yanki nama mai yawa, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda, ya ce wa ɗansa, "Bi mai garayar nan ka kai masa kafin ya samu mota. In ka dawo ka kama mini wutar nan, zan yi alwala."